Ganyen Ƙuma

Damnatz, 2 ga Satumba, 1996

Maren ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Tilman, ki shafa min kan 'yarki Antje. Yaya nauyin jiki? Ina fata kumburin ƙafar ya sauka. Ni lafiya ƙalau, in ban da bayan nan da kika sani. Shanun Lüdemann da nake wa tatsa ma lafiya, biyu sun haihu a satin nan, tatsa ta ƙaru.

Katinki ya iso ran Juma'a. Layi uku ne, kin ce wani abu yana cizon Antje a ƙafafu, ba ki san ko mene ne ba. Na karanta na ce sauro ne, na ajiye. Sai jiya Lahadi na gane.

Na dawo daga coci na ce bari in shiga ɗakin Mama in buɗe taga, don tun ranar da na kwaso miki kayan saƙan nan ban sake leƙawa ba. Na cire takalmi a bakin ƙofa, da farar safa a ƙafata. Taku huɗu na yi zuwa taga. Da na sunkuya sai na ga safar ta yi ɗigo-ɗigo baƙi, kamar an barbaɗa mata masoro. Na kai hannu zan kakkaɓe, sai masoron ya yi tsalle. Ƙuma ne, Maren. Sun fi talatin a ƙafa ɗaya.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin ban ma kore su ba. Idona na kan kwandon nan na ƙarƙashin gado, inda Mama take tara abin da ta saƙa wa jaririnki, inda kyanwarta Minka ta mayar wurin barcinta duk lokacin sanyi. Daga nan na kwashe barguna da huluna da 'yan safa na zuba a kwali, ko kakkaɓewa ban yi ba, na kai gidan waya. Ran nan da takalmin roba na shiga, daga garke na fito, ina sauri. Ba na son in daɗe a ɗakin. Ni na aiko miki da su. Ba sauro ba ne yake cin ɗiyarki.

Ki duba Minka. Ki tsefe gashin gindin wutsiyarta a kan farar takarda, in kin ga baƙin gari ya zubo, ki ɗiga masa ruwa. In ya yi ja, to su ne.

Shekara shida ina wanke Mama, ina juya ta, ina zuba wa kyanwarta abinci. Da ta zo rabon abin da ta bari sai ta ce a kai wa Antje kyanwar, ta fi son yara. To, ga shi kin samu kyanwa, kin samu kayan saƙa, ni na samu ƙuma. Kowa da gadonsa.

Kada ki kira ni a waya. Ba fushi ba ne. Muryarki ce ta koma irin ta Mama, in na ɗauka na ji kin ce “Hilke” sai in zaci ita ce take kirana. Ki rubuto.

Yayarki,
Hilke


Freiburg, 8 ga Satumba

Yaya Hilke,

Mun gode da gaisuwa. Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda take, yaron kuma yana shurina kamar ya ƙagu ya fito. Ki riƙa sa abin ɗumama bayan nan da na kawo miki, na san yana cikin ledarsa har yau.

Su ne. Na yi yadda kika ce, takardar ta yi ja. Tilman ya dube ta ya ce, “Surukata ta aiko mana da baƙi daga kabari.” Na ce masa ba abin dariya ba ne, sai kuma na yi dariyar har na yi kuka.

Antje abin tausayi. Daga idon sawu zuwa gwiwa duk ƙuraje ne, uku-uku a jere. Ta sosa har biyu sun yi ruwa. Na yanke mata farce, ina wanke mata da sabulu ina ɗora tsumma mai sanyi. Ran Laraba malamar makarantarsu ta ja ni gefe ta ce, a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa, “Ko ƙarambau ne?” Na ce a'a. Ta ce, “To mene ne?” Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, na tsaya a gaban ƙofa ina cewa ƙuma a gidana.

Tilman ya sayo wani gwangwani da ake buɗewa a tsakiyar ɗaki ya cika gida da hayaƙi. Na hana shi taɓawa sai na tambayi Frau Sauter, ungozomata. Ta ce kada in kuskura in shaƙi ko ɗaya daga cikin irin waɗannan, kuma kada a fesa komai inda Antje take rarrafe da wasa sai an yi shawara da likitan dabbobi. Ba mu samu ganinsa ba sai mako mai zuwa. Kafin nan ban san abin da zan yi ba. Me Mama take yi ne a da? Na tuna muna da karnuka biyu kuma ban taɓa ganin ƙuma a gadonmu ba.

Maganar gado ban ji daɗinta ba, amma na bar ta.

Kina nan dai a kan alkawarinmu? Likita ya ce farkon Nuwamba. Ki zo tun ƙarshen Oktoba ki riƙe min Antje. Ba ta yarda da kowa sai ke. Kullum sai ta ce yaushe Inna Hilke za ta zo ta yi mata kukan saniya.

Maren


Damnatz, 12 ga Satumba

Maren,

Gaisuwa gare ku duka. Ki ce wa Antje saniya tana gaishe ta, kuma in ta daina sosawa zan zo mata da kukan maraƙi ma. Bayan da sauƙi. Kogi ya ja baya sosai, shamuwa sun tafi.

Kin ce kin bar maganar gado. Ni ban iya bari ba, tunda na fara bari in ƙarasa.

A cikin bargunan da na aiko akwai wani rawaya mai bakin fari. Ki ɗauke shi ki duba zaren da kyau, za ki ga a lanƙwashe yake, ba sabo ba ne. An taɓa saƙa shi aka warware. Wannan ulun ni na zaɓo shi a Dannenberg shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ina da cikin wata biyar. Mama ta saƙa min bargo da shi. Da abin ya faru a wata na bakwai, aka dawo da ni daga asibiti hannu biyu babu komai, sai ta ɗauke bargon ta ɓoye don kada in gani. Na ɗauka tana ajiye da shi ne saboda shi. Ko da mijina Uwe ya kwashe kayansa ya tafi, ina cewa a raina akwai abu ɗaya a gidan nan da ya san an yi yaron. Ashe a ƙarshen sanyin da ya wuce, ina kicin ina dafa mata miya, tana zaune a gado tana warware shi. Na san abin da za ta ce: ulu mai kyau ba a barinsa ga asu. Haka take, ko igiyar ƙunshi ba ta yarwa. Amma ai sai ta tambaye ni.

Ke kika tafi karatu, ke kika samu miji mai wanke kwanuka, ke ga 'ya ga wani a hanya. In kin zo sau biyu a shekara sai ta sa in yi kek, ta ce in canza mata riga, Maren na zuwa. Ni da nake nan kullum ban taɓa zama wadda take zuwa ba.

To, ya isa. Ga amsar tambayarki.

Mama ganyen ƙuma take amfani da shi, wanda yake bayan rumbun itace, wajen da ruwa yake kwanciya. Na yanko na shanya, na aiko miki jaka ɗaya a ƙunshi daban. Yadda take yi: ta zuba dunƙule biyu a bokiti, ta juye tafasasshen ruwa, ta rufe ya tsumu, sannan ta goge daɓen katako da shi, har cikin tsagogi. Saura ta ɗaure a tsumma ta tura ƙarƙashin katifa. Takan ce duk abin da ba a gayyata ba, wannan zai fitar da shi.

Alkawari yana nan. Na gaya wa Lüdemann tun yanzu, ya ce, “Wata guda? Shanun za su manta hannunki.” Na ce su manta.

Hilke


Damnatz, 29 ga Satumba

Maren,

Ina fata lafiya. Yau kwana goma sha bakwai ban ji daga gare ki ba. Kullum ina jin babur ɗin mai kawo wasiƙa sai in fita da tsumman tatsa a hannu. Jiya ya ce min, “Frau Hilke, in saurayi ne, ki haƙura, ya samu wata.” Na ce ƙanwata ce. Ya ce, “Ai ta fi muni.”

In maganar bargo ce ta ɓata miki rai, ba ke kika warware shi ba, na sani. Amma da ki yi shiru gara ki zage ni.

Ni nan yaƙi nake yi. Likitan dabbobi ya zo duba wata saniya, na tare shi a bakin garke na nuna masa ƙafata. Ya ce waɗanda nake gani suna tsalle kaɗan ne, yawancinsu ƙwai ne da tsutsotsi a cikin kafet da tsagar katako. Ya ce in sun naɗe kansu a ƙwanso suna iya yin watanni suna jira, ba magani da yake ratsa su, sai sun ji takun mutum da ɗumin jiki su fashe su fito. Na ce wato tun watan Mayu suna kwance a ɗakin Mama suna jiran wani ya shigo. Ya ce haka ne. Ban san me ya sa wannan ya sa ni kuka a gaban mutumin ba. Ya yi kamar yana duba kofaton saniya har na gama.

Ya ce injin zuƙe ƙura shi ne babban makami, kullum, har ƙarƙashin gado da gefen bango, domin girgizarsa tana yaudararsu su fito. A cire jakar injin a ɗaure a kai bola waje nan take. Duk abin da zai wanku a wanke a ruwan zafi, a kan digiri sittin. Haka nake yi, safe kafin tatsa, yamma bayan tatsa. Na kuma ajiye faranti da ruwan sabulu ƙarƙashin fitila a kowane ɗaki, da safe in ƙirga. Ranar farko arba'in da ɗaya. Yau tara.

Na gaya masa halinki. Ya ce a gidanki kyanwar ce tushe, in ba a yi mata magani ba duk wankin banza ne. Akwai wani sabo da ake ɗiga wa a ƙeya. Ya ce Tilman ne zai ɗiga, ba ke ba, kuma kada Antje ta rungume ta sai ya bushe sarai. Ya nanata min sau biyu kada a sa mata na kare, yana kashe kyanwa.

Na san kuna da likitoci a can da suka fi namu. Na rubuta ne kawai don in samu abin rubutawa.

Ƙunshin ya iso kuwa?

Hilke


Freiburg, 6 ga Oktoba

Hilke,

Muna lafiya. Yaron lafiya, an duba shi sau biyu. Na fara da wannan don ki sani.

Ƙunshinki ya iso rana ɗaya da wasiƙar. Na buɗe wasiƙar tukuna. Na karanta har inda kika ce ba ki taɓa zama wadda take zuwa ba, sai na ninke ta na jefa a aljihun tebur. Ban kai ƙarshe ba.

Bayan kwana biyu na buɗe ƙunshin. Jakar zane ce mai ratsin shuɗi, irin wadda Mama take aiko min da na'a-na'a a cikinta duk kaka. Kin liƙa 'yar takarda: “A jiƙa a tafasasshen ruwa, yadda Mama take yi.” Na shinshina, ƙamshin na'a-na'a. Na ce Yaya ta huce, ta aiko min da shayin Mama don mu shirya. Har na ji kunyar kaina.

A ranar ce Frau Sauter take zuwa duba ni a gida. Na ce bari in yi mata abin arziki. Na dafa a butar shayi, na jera kofuna biyu, da ƙarami na Antje. Ta gama auna ni, ta zauna, na zuba mata. Ta ɗaga kofin ta kai hanci, sai ta ajiye.

Ta ce, “Wa ya ba ki wannan?”

Na ce, “Yayata, daga lambun mahaifiyarmu.”

Ta ce, “Kin sha?”

Na ce, “Ke ce baƙuwa, ke za ki fara.”

Ta ce, “Yau ladabi ya yi rana. Kawo jakar.”

Ta zazzage a tafin hannu ta dube shi, ta miƙa hannu ta ɗauke kofin Antje daga gabanta, yarinyar har ta sa hannu biyu ta riƙe. Ta juye duka a makwarara ta sake ruwa. Ta ce min wannan ba na'a-na'ar shayi ba ce, ɗan'uwanta ne, yana lalata hanta, yana iya taɓa ciki, ƙaramin yaro kuwa ba ya buƙatar da yawa. Ta ce ko gogen daɓe ba ta yarda in yi da shi ba, kada ma ya kwana a gidan. Sannan ta ce, “Ke 'yar ƙauye ce ko ba 'yar ƙauye ba? A garinmu ko akuya mai ciki ba a ɗaurewa kusa da shi.” Na ce na bar gida ina da shekara goma sha takwas. Ta ce, “Yayar taki fa, yaushe ta bari?”

Da ta tafi na ɗauko wasiƙarki na ƙarasa. Na ga bokitin, na ga daɓen, na gane ba shayi kike nufi ba. Amma kuma na ga layin da ya biyo baya. Duk abin da ba a gayyata ba, wannan zai fitar da shi. Bayan shafi guda a kan bargon da aka ƙwace miki aka ba wa nawa. Tilman ya karanta ya ce, “Maren, ba na cewa komai, amma mahaifiyata ta ce za ta iya zuwa.” Kin san ba na jituwa da matar nan. Ban ce masa a'a ba.

Ƙuma kam muna cin galaba. An ɗiga wa Minka magani, Tilman ya yi, muka rufe ta a banɗaki har ya bushe, Antje tana kuka a bakin ƙofa tana tura mata biskit ta ƙasa. Ran Asabar ni da Antje muka tafi gidan ƙawata muka kwana biyu, Tilman ya fesa wanda likitan dabbobi ya ba shi a kafet da gefen bango, ya buɗe tagogi duka, ya ɗauke kayan wasanta tun kafin ya fara. Gwangwanin hayaƙin ya mayar kanti. Kullum shi yake jan inji, ni nake wanki. Ƙafafun Antje sun bushe.

Bargon na wanke shi da hannu, sannan na sa shi a leda ya yi kwana huɗu a injin ƙanƙara, don ulu ba ya jure ruwan zafi. Yana cikin kabad. Ban san abin da zan yi da shi ba.

Maren


Damnatz, 10 ga Oktoba

Maren, ƙanwata,

Na gode wa Allah da kuke lafiya. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, da na kai wajen kofin Antje sai na zauna a ƙasa.

Maganar da na rubuta ta Mama ce, kin sha jin ta. Haka take cewa in tana korar ƙuda, haka take cewa in fasto ya daɗe bai tashi ba. Ƙuma nake nufi. Jakar kuwa ita ce kaɗai na samu a aljihun kicin. Ban yi tunanin shayi ba ko kaɗan, na rantse miki da kabarin Mama.

Yau da rana na ɗauki fartanya na tone ganyen duka daga bayan rumbu, har saiwa. Matar Lüdemann ta leƙo ta shinge ta ce, “Hilke, zinariya kike nema?” Na ci gaba da tono.

In uwar Tilman ce za ta zo, ki gaya mata Antje ba ta cin ɓawon burodi, kuma ba ta barci sai an bar ƙofa a buɗe kaɗan. Ba ta san waɗannan ba, sau nawa ta gan ta? Za ta zo da turarenta da takalmanta ta zauna a kujera ana yi mata hidima. Ni ce na riƙe yarinyar nan ranar jana'iza daga safe har yamma.

Ki yafe min.

Hilke


Freiburg, 17 ga Oktoba

Yaya,

Muna lafiya. Ciki ya sauko, Frau Sauter ta ce kada in yi nisa da gida. Yaya bayanki bayan aikin fartanya? Ke dai ba kya jin magana.

Na yarda ba shayi kike nufi ba. Na tuna maganar Mama da fasto, har na gaya wa Tilman, ya yi murmushi ba da son ransa ba. Jiya Antje ta ji muna maganar kakarta za ta zo, ta kwanta a ƙasa ta ce ita Inna Hilke take so, kaka ba ta iya saniya ba.

Ni ma ke nake so. Ranar da zan shiga ɗakin nan ina son in san 'yata tana hannun wadda ta yi min goyo. Na ce wa Tilman ya dakatar da mahaifiyarsa.

Ban san zancen bargon ba, Yaya, da na sani da ban karɓa ba. Naki ne. In kin zo ki ɗauka, ko ki lulluɓe yaron da shi da hannunki, yadda kika ga dama. Kuma abin da ba ki sani ba, duk zuwan da nake yi, in kin fita tatsa, Mama ba ta da zance sai naki. Hilke ta ce, Hilke ta yi, bari Hilke ta dawo ta gyara min matashin, ke ba ki iya ba. Ni kek nake samu. Ke ce take nema in ta ji ciwo.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya hana ni sakewa. Shekara ashirin kina aiki da shanu masu ciki. Na yarda ba ki yi tunanin zan sha ba. Amma kin san abin da ganyen nan yake yi ko ba ki sani ba? In kin sani, me ya sa babu kalma ɗaya ta gargaɗi a wasiƙar? Ki ce min kin manta, zan yarda, ki hau jirgin ƙasa.

Maren


Damnatz, 22 ga Oktoba

Maren,

Ina gaishe ku. Allah ya sauke ki lafiya. Bayan ya yi tsami kwana biyu, ya saki. Na fito da abin ɗumamawar daga ledarsa, yana da daɗi, na gode.

Kwana uku wasiƙarki tana aljihun rigar aikina. Sau biyu na rubuta miki “na manta” na yaga. Kin ba ni ƙofa a buɗe, kuma na san in na shiga ta nan ba za ki sake tambaya ba har abada. Amma zan zauna a gidanki wata guda ina ba 'yarki abinci da wannan a cikina, ba zan iya ba.

Na sani. Duk wadda ta girma a bakin kogin nan ta sani. Duk bazara ni nake zagaye wajen da yake tsirowa a makiyaya da wayar shinge, saboda shanu masu ciki. Lokacin da nake yanka ina shanyawa ban tuna ba, gaskiya, ƙuma kawai nake gani da ƙafafun Antje. Sai a gidan waya. Na miƙa ƙunshin, matar ta ɗora a sikeli, ƙamshin ya taso ta cikin takarda. Ta ce, “Kai, wannan ai ganyen kakanninmu ne. Wa za a kai wa?” Na ce ƙanwata. A nan na tuna. Wasiƙar tana hannuna ban liƙe ba, ga biro ɗaure da igiya a kan kanta. Layi ɗaya zan ƙara. Sai na ji wata murya a raina ta ce, ai ita ce mai ilimi, ita ce mai ungozoma da ke zuwa har gida, ita komai nata yana tafiya daidai, ta sani da kanta. Na lashi ambulan na liƙe.

Ban so wani abu ya sami yaronki ba. Na juya wannan a raina ta kowane gefe, wajen tatsa, wajen jan inji, ban samu wannan nufin a ciki ba. Abin da na samu shi ne na gaji da zama mai lura. Shekara shida ni ce mai tuna magani, mai tuna awa, mai tuna abin da zai cutar. Ran nan na ce sau ɗaya wani ya tuna. Kuma na zaɓi in yi hakan a kanki, don ina jin zafinki. Tun kina cikin zanen goyo nake sonki, kuma tun ranar da kika rubuto kina da ciki na biyu ban iya duban hotonki da ke ajiye a saman talabijin ba. Duka biyun gaskiya ne. Ban yi makaranta mai nisa ba, ban san yadda ake haɗa su ba.

Ki nuna wa Tilman wannan in kina so. 'Yarsa ce ta riƙe kofin.

Abin da kika faɗa min game da Mama da matashi, na karanta shi ya fi sau goma. Da ta faɗa min da bakinta ko sau ɗaya.

Gida ya yi tsabta. Kwana tara ke nan farantan babu ko ɗaya. Kafet ɗin ɗakin Mama na naɗe na fitar, Lüdemann ya kai shi juji da tarakta. Likitan ya ce in ci gaba da jan inji sati biyu ko da ban ga komai ba, ke ma ku yi haka, kuma kada ku tsallake ɗigon Minka na wata mai zuwa. Kayan da zan sa a gidanki na wanke su a kan sittin, na ɗaure a leda, suna cikin jaka a bakin ƙofa. Ban sa komai daga lambu ba.

Akwai jirgin da yake tashi daga Dannenberg ƙarfe bakwai da kwata, in na canza sau biyu zan iso kafin Antje ta ci abincin yamma. Lüdemann ya samu mai tatsa daga ran ashirin da takwas.

Tikiti ne ban saya ba. Ba zan saya ba sai kin karanta wannan har ƙarshe kin rubuto.

Yayarki,
Hilke